Kalkuletar Alhaji Ummaru Mai Igiya

Bari in riga ku faɗa, don kada wani ya tsinto a teburin mai shayi ya zo yana yi mini kallon gefe: wawan da ke cikin wannan labari ni ne, Ladan Mai Rediyo, mai rumfa ta uku daga bakin kasuwar Boɗinga. Aji huɗu na yi a firamare, shi ma na huɗun rabinsa a bayan katanga na yi shi. Saboda haka wanda ya ga kuskure a rubutuna ya gyara a zuciyarsa, kada ya zo rumfa.

Ku samarin layin gyaran waya ku kuka ja ni ga wannan rubutu. Na ji ɗayanku yana cewa aikinmu na da ba komai ba ne, wai a goge da fetur a ɗiga dalma. Madalla. Ku da kuke ɓamɓare gilashi ku manna wani, ku sa a kira ku injiniya. To ku gyara zama.

Aikin farko da aka bar ni na taɓa talabijin ce baƙa da fari, a shagon maigidana Malam Ango a Sakkwato. An zare ta daga wuta tun safe, don haka na zura hannu kamar mai ɗebo gyaɗa a buhu. Ban san akwai wani abu a ciki mai kama da gwangwanin tumatir ba, kwandansa, wanda ke ɓoye wuta a cikinsa ko da an cire waya. Na farka ne a ƙarƙashin benci, takalmina ɗaya a bakin titi. Malam Ango bai ce sannu ba. Ya jira na tashi, ya kama kunnena, ya karanta mini abu uku: cire wuta, zare batir, ka gitta sukudireba a ƙafafun kwandansa har ka ji ta ce ɗas. Shekara shida ina hura masa gawayin da muke gasa ƙarfen liƙi a kai, kuma duk ranar da na tsallake ɗaya cikin ukun nan sai ƙeyata ta gaya mini. Da na buɗe rumfata, hannuna ya riga ya haddace. Ba ya ma shawara da kaina. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na ga zamani a rumfar nan. Na gyara rediyon Fulanin Kajiji da saniya ta taka. Na ciro ƙadangare a cikin rakoda, mai ita yana rantsuwa maƙiya ne suka turo shi. Sai wata shekara ta zo da wayar hannu ta haɗiye kaset da rediyo gaba ɗaya. Wata huɗu ina zaune, babu mai kawo ko tocila, har gizo-gizo ya yi saƙa a kan mitata ta gwajin wuta. Abokan sana'a suka watse, wani acaɓa, wani dillancin albasa. Ni na zauna, ba don jarunta ba, don ban iya komai ba sai wannan. Fitilun sola da fankokin caji ne suka zo daga baya suka tashe ni.

Yanzu ga aikin da ya sa ni rubutu.

Alhaji Ummaru taubashina ne, ɗan yayar babana, saboda haka tun muna yara babu abin da ba ma gaya wa juna. Tsohon ma'aikacin safiyo ne. Da ya yi ritaya ya koma Shagari, sai ya zama duk inda za a raba gona shi ake kira. Kayan aikinsa biyu ne. Igiya doguwa mai ƙulle-ƙulle, wadda manomi zai ƙirga da hannunsa ya gamsu ko bai san biyu a rubuce ba. Sai kalkuleta da ya samo tun yana saurayi a wurin aiki. Ba irin ta masu shago ba ce. Tsawon tafin hannu gare ta, lambobinta ja suke haskawa kamar garwashi, kuma ba ta da madannin nan na daidai. Sai ka ba ta lamba, ka danna babban madanni, ka ba ta wata, sannan ka gaya mata abin da za ta yi da su. Babban abin shi ne tana hadda. Ka koya mata lissafi taki-taki sau ɗaya, ta riƙe. Alhaji yakan yanka gona kusurwa uku-uku da igiya, ya ba ta ƙullin kowane gefe, ita kuma ta faɗi faɗin ƙasar. Haddar nan tana nan ne muddin akwai wuta a cikinta. In zai canja batir, kafin a gama Fatiha ya mayar da sabo. Haka yake lallaɓa ta shekara da shekaru. Idonsa ya mutu saura kaɗan, amma jan lambar nan in ya kai ta bakin hanci yana gani.

Ran wata Talata, bayan ɗaukewar ruwa, jikansa ya sauke shi a rumfata ya juya.

"Ladan, bakwai ta ƙi dannuwa. Kuma Asabar ta sama ina da aiki Dandin Mahe."

Na san aikin, don duk yankin an sani. Fadamar marigayi Malam Buba ce, tsakanin 'ya'yansa biyu. Garba, babban, shi ya yi ta noman ta tun uban na da rai. Altine ya daɗe a kudu yana kai albasa, ya dawo da zargi cike da ciki. Irin albasarsu ya isa dashe har yana neman wucewa, kuma kowa ya hana ɗan'uwansa dasa ko ɗaya sai an raba. Abu ɗaya kawai suka yarda da shi su biyu: Alhaji da na'urarsa, don shi ya auna wa ubansu gonar tun da, takardar ma tana nan.

"Kawo nan," na ce. "Wannan aikin minti biyar ne."

"Ladan, kak ka taɓa batir."

"Alhaji, ni za ka koya wa batir? Lokacin da nike hulɗa da batir kai kana jan igiya kamar mai kiwon jaki."

"Na dai hwaɗa maka."

Washegari na kwance sukurorinta. Wani kwastoma yana tsaye a kaina muna musun kokawar da aka yi a Dingyaɗi, ni ina cewa an yi wa ɗan garinmu rashin adalci. Bakina yana can, hannuna yana nan yana aikin Malam Ango. Ya zare batir. Ya ɗauki sukudireba. Ya gitta a ƙafafun wata 'yar kwandansa da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. Ko ɗas ɗin ban ji ba. Sai da kwastoman ya tafi na dubi benci, na ga batir a gefe ɗaya, na'ura a gefe ɗaya, sukudireba a hannuna.

Na mayar da batir. Babu ja. Na sa sabo. Babu ko sifiri. Na hura, na girgiza, na kai ta inuwa, na yi mata duk addu'ar da na iya. Ba hadda kaɗai na goge ba. Bakin sukudireban ya goga wani wuri da bai kamata ba, ƙwaƙwalwar da kanta ta ƙone. Irin wannan ƙwaƙwalwa kuwa an daina yin ta tun kafin a haifi iyayen wasunku.

Mai hankali Shagari zai nufa ya faɗi gaskiya. Ni Sakkwato na nufa.

Malama Kulu ɗiyar ƙanwata ce, tana koyar da ilimin lantarki a wata makarantar fasaha, uwar 'ya'ya uku. Na zube mata gawar a kan tebur. Ta fara dariya, sai ta dubi fuskata ta daina.

"Kawu, ka san abin da kak kashe? Masu sha'awar irin wagga neman ta sukai da kuka."

"Ban zo ta'aziyya ba, Kulu. Akwai dabara ko babu?"

Ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin alawa. A ciki akwai wani ɗan allo kore da bai kai akwatin ashana biyu ba. Ta ce akwai mutane a duniya, tsofaffin injiniyoyi da waɗanda aiki bai ishe su ba, da suke ƙera kwafin irin waɗannan na'urori don sha'awa kawai, kuma sun zuba yadda ake yi a intanet kyauta. Ita ma wata takwas tana haɗa tata a hankali in yara sun tafi Islamiyya. Ƙwaƙwalwar zamani ce, amma an koya mata ta yi tunani sak irin na tsohuwar. Abin da ya rage mata gida, madannai da fuska. Ni kuwa ina da gida da madannai da fuska, ƙwaƙwalwa ce ba ni da ita. Ta kalle ni lokacin da ta faɗi haka, na yi kamar ban ji ba.

"Na ba ka," ta ce. "Amma ka gaya wa Baba Alhaji."

"Bayan Asabar."

"Kawu."

"Mutum mai hawan jini ne. So kike in kashe shi shi ma?"

Ƙarya nake. Ba jininsa nake tsoro ba, bakinsa nake tsoro. Taubashi ne. Har kabari zai bi ni da wannan magana.

To ku masu cewa a ɗiga dalma, ga ɗiga dalma. Madannai talatin ne, kuma ba kowanne ke da wayarsa ba. A jere suke kamar kunyoyin gona, layi a tsaye, layi a kwance, kowane madanni yana zaune a mahaɗar biyu. Babu taswira. Sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya da mita, ina dannawa ina jiran ƙara, ina zanawa a bayan kwalin sabulu. Kwana biyu wannan kaɗai. Fuskar mai jan lamba tana da ƙafafu sirara a jere kamar haƙoran matsefi, kowace sai an kai mata waya. Wayar da za ta shiga wurin babu ita a kasuwar Boɗinga, sai na warware naɗin wata tsohuwar taransifoma na samu mai kaurin gashin wutsiyar doki, ina kankare bakinta da reza. Tabarau biyu nake ɗorawa, ɗaya kan ɗaya. Daga hantsi zuwa azahar kawai nake iya aiki, lokacin da haske ke faɗowa kan benci kuma hannu bai fara rawa ba. Ƙarfen liƙina bakinsa ya yi kauri, na goge shi da zarto har ya koma kamar tsinken sakace. In ka daɗe da shi a wuri numfashi uku, layin tagullar ya ɗago, shi ke nan. Na ɗaga guda biyu. Na yi musu gada da waya.

Ran kwana na shida Kulu ta zo da kwamfutarta, muka sa wuta. Ja ya kama. Na miƙe zan yi rawa, ta ce in danna huɗu. Na danna, shida ta fito. Na danna shida, babu abin da ya fito. Layi biyu na sauya wa wuri. Sai da na kwance rabin aikin.

Saura hadda. Kulu ta san lissafin kusurwa uku a littafi, amma ba ta san yadda yatsun Alhaji suka saba bi ba. Ranar kasuwa sai ga Alhaji da kansa, ya zo duba na'urarsa.

"Ina 'yata?"

"Tana nan lahiya lau. Gam bai bushe ba."

"Gam? Bakwai ɗin ce ke son gam? Ba ni in ji ta a hannu."

Ya miƙo hannu.  Gidan na'urar yana nan a buɗe gabansa, wayoyi sun fito kamar hanjin kaza, tsakaninsa da su bai kai kamu ɗaya ba. Na ja tsumma na rufe a hankali.

"In ka taɓa yanzu sai an sake daga farko. Nuna mini dai waɗanda ka fi dannawa, in ƙara musu ƙarfi."

Ya buɗe tafin hannunsa na hagu ya mai da shi kalkuleta. Gefe na farko, babban madanni. Na biyu, babban madanni. Na uku, sai na ƙasa a dama, ta tafi. In ta kawo amsa, wannan na tarawa. Na kalli yatsun nan kamar mai kallon jinjirin wata.

Kulu ta zuba haddar ran Alhamis. Muka gwada da uku, huɗu, biyar, ta ce dole shida ta fito. Shida ta fito. Na rufe gida, na ji ta yi sakayau a hannu, sai na narka dunƙulen dalma na manna a ciki har nauyin ya koma yadda na san shi. Bakwai kuwa tana dannuwa kamar sabuwa.

"Kawu," in ji Kulu tana naɗe wayarta, "abin da ke littahi ni sa. Abin da Baba Alhaji yas sa cikin tashi, Allah kaɗai Ya sani sai shi. Tambaya guda ce."

"Lissafi lissafi ne. Na Shagari daban yake?"

Ta ɗauki kwamfutarta ta tafi.

Asabar da hantsi muna fadama. Na bi su Alhaji ne da sunan ko na'ura za ta buƙaci likita. Ga mai unguwa, ga dattawa biyu, ga maƙwabtan gona sun jeru a kan iyaka. Garba yana tsaye da galma a kafaɗa. Altine yana can gefe da takardar ubansu a cikin leda, ko gaisawa ba su yi ba. Na miƙa wa Alhaji na'ura. Ya juya ta, ya auna ta a tafin hannu, ya danna bakwai sau uku.

"Hm," ya ce. Ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba.

Aka fara jan igiya. Dattawa suna ƙirga ƙulli da ƙarfi, 'yan'uwan biyu suna bin su a baya suna sake ƙirgawa. Alhaji yana zura na'ura cikin hannun rigarsa don inuwa, ya kai ido, ya danna, ya tara. Kusurwa tara aka yanka gonar. Rana ta take sosai kafin a gama. Ya danna jimla. Ya daɗe kansa a cikin hannun riga.

"Altine, karanto min abin da ke takarda."

Altine ya karanta. Alhaji ya sake leƙawa. Ya sa aka maimaita masa ƙullin da mai unguwa ya rubuta, ya sake dannawa tun daga farko. 

"Ba su daidaita ba," ya ce. "Gonag ga ta ragu."

"Da nawa?" in ji Altine.

"Ya kai fangali talatin."

Altine ya yi wata dariya mara daɗi. "Na hwaɗi! Na hwaɗa muku tun ran sadakar ukku! Ƙasa ba ta da ƙahwa, Garba. Wa kas sayar wa?"

"Ni? Wallahi ko taki guda..."

"Kak ka rantse! Kai da maƙwabcinka na gabas kullum kuna ƙus-ƙus. Ga shi nan tsaye, a tambaye shi!"

Maƙwabcin ya tsallako iyaka yana naɗe hannun riga, 'ya'yansa biyu a bayansa. Garba ya sauke galma daga kafaɗa, ba ajiye ta ya yi ba, riƙe ta ya yi da hannu biyu. Mai unguwa yana ta "ku dakata, ku dakata," babu mai jin sa. Garba ya juyo wurin Alhaji.

"Baba Alhaji, kai ka san ni. Ko na'urar ce ta yi kuskure?"

Alhaji ya ce a hankali, kamar abin yana yi masa ciwo, "Garba, shekara arba'in da wani abu tana hannuna. Ba ta taɓa yi min ƙarya ba."

Na ga fuskar Garba ta mutu. Dattawan suka sunkuyar da kai. An gama ke nan, an yanke masa hukunci, daga yau sunansa wanda ya ci gadon ƙaninsa. Kuma shaidar da ta kashe shi ba ta shekara arba'in ba ce. Ta kwana biyu ce, ni na haɗa ta da wayar taransifoma. Babur ɗin da ya kawo ni yana can ƙarƙashin giginya. Ba zan ɓoye muku ba, na kalle shi. Na kalle shi sau biyu. Altine ya riga ya kai hannu wuyan rigar yayansa.

"Ba ita ba ce!"

Muryata ce, amma ban san lokacin da ta fita ba. Kowa ya juyo.

"Ba na'urarka ba ce, Alhaji. Gidan ne naka. Taka na kashe ta tun ran Laraba ta farko. Na zare batir."

Da a ce ƙasa tana karɓar mutum da rai, da na ba ta kaina. Na kwashe komai na faɗa a gaban mai unguwa da maƙwabta da yaran da suka zo kallo. Alhaji bai zage ni ba, wanda ya fi zagi ciwo.

"Wa as sa mata hadda?"

"Kulu."

"Kulu ta iya lissahi. Amma wa ag gaya mata igiyata ta miƙe?"

Ashe igiyar nan da aka ƙulla mita-mita, shekaru da ja da ruwan fadama sun sa ta saki jiki. Kowane ƙulli ya wuce mita da kamar yatsa biyu. Duk bayan damina Alhaji yakan gwada ta a jikin wasu ƙusoshi biyu da ya kafa a bangon zaurensa, ya gaya wa na'ura yawan miƙewar, ita kuma ta riƙa gyarawa a ɓoye cikin hadda. Igiya mai tsawo ƙulli kaɗan take ƙirgawa. Gona tana nan yadda Malam Buba ya bar ta.

"Lambar tana kaina," ya ce. "Ran Juma'a ni gwada, kahin in kawo maka ita."

Ya zura kai cikin hannun riga. Jimla, babban madanni, lambarsa, ninkawa. Ya sake sa lambar ya ninka, ɗaya na tsawo ɗaya na faɗi. Ya kira Altine ya ce ya leƙa da idonsa ya karanta wa jama'a. Altine ya leƙa, ya dubi takarda, ya sake leƙawa. Bambancin bai kai shimfiɗar tabarma biyu ba.

Altine ya sauke takardar. "Yaya," ya ce yana kallon ƙasa, "ka yi haƙuri." Garba ya jingina galmar, ya je ya ɗauko turakun da za a kafa, ya miƙa wa ƙaninsa rabi. Kafin la'asar an raba, an yi addu'a, maƙwabcin gabas yana ta ƙorafi shi kaɗai.

Mai hankali a nan zai yi shiru ya hau babur. Amma muna tafiya bakin hanya, ina riƙe da hannun Alhaji ina kauce masa ramuka, sai na ji bakina ya dawo.

"Amma dai Alhaji, tsakani da Allah, hannu ya yi aiki. Tun hantsi tana hannunka, ka auna ta, ka danna ta, ba ka gane ba. Duk Sakkwato wa zai iya wannan?"

Ya tsaya. Ya zare hannunsa daga nawa, ya sa na'urar a aljihu, ya juyo da fararen idanun nan saitin fuskata.

"Babu, Ladan. Shekara arba'in kana sana'a, yau ka samu abin hwaɗi: ka ruɗi makahon da ya yarda da kai. Tahi ka rubuta a allon rumfa, ko ka samu kwastoma."